Kwana 41 ina bin sawun kuɗin adashi

Ni tela ne a Fagge, kuma shekara shida ke nan ni ke riƙe da kuɗin adashin layinmu. Mu goma sha biyu ne, kowa na zuba 40,000 a wata, wanda kwasa ta zo kansa ya ɗauki 480,000. An ba ni riƙon ne don ana ganin ni ne ɗan bokon layin, ni ke karanta wa mutane saƙon banki, ni ke cike musu fom. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka sai wanda bai iya waya ba ake damfara.

Ranar Juma'a 23 ga Fabrairun 2024, bayan la'asar, saƙo ya shigo wayata da sunan bankina. A lokacin ko'ina maganar da ake yi ke nan, domin tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa daga 1 ga Maris duk asusun da ba shi da BVN ko NIN za a dakatar da shi. Saƙon ya ce nawa na cikin waɗanda za a rufe, in danna linki in gyara. Nawa asusun tun tuni yana da BVN, amma kuɗin mutane ne a ciki, saura mako guda, sai tsoro ya riga tunani. Shafin da ya buɗe kalar bankin ne sak, har da tambarinsa. Na zuba lambobi 16 na gaban katina, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya, da lambar sirri, ga kwastoma tsaye yana jiran in auna shi. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kira. Bahaushe ne, mai natsuwa, ya kira cikakken sunana har da na mahaifina, ya ce wata lamba da ake kira OTP za ta shigo, in karanto masa don a kammala. Na karanto. Ya ce ba ta shiga ba, ga wata. Sau uku muka yi haka. A jikin kowane saƙon an rubuta kada a faɗa wa kowa wannan lamba ko da ma'aikacin banki ne, amma idona kan lambar kawai yake. Kafin kiran magariba alat uku suka shigo a jere: 200,000, sai 200,000, sai 80,000. Suka bar min 6,000 da 'yan kai.

Abin da na yi daga nan shi ne kuskure mafi tsada, ya fi danna linkin ma tsada. Na yi ta kiran lambar mutumin, wai ko zai ji tausayina. Sau biyu ya ɗauka yana cewa in kwantar da hankali, na'ura ce ta riƙe kuɗin, cikin awa 24 za su dawo. Na san ƙarya ce, amma na fi son in yarda. Na rufe shago ban ce wa kowa uffan ba, na je gida na ture tuwo na ce ciwon kai nake. A raina na ce ai Juma'a ce, banki ya tashi, ba abin da za a iya sai Litinin. Da asuba uwargida ta tare ni ta ce, "Malam, wannan ba ciwon kai ba ne, ka faɗa min abin da ya faru." Da na faɗa mata, ba ta tsaya salati mai tsawo ba, ta kira ƙanena da ke sana'ar POS. Yana zuwa ya ce, "Yaya, tun jiya? Ai da ka kira ni ko sha biyun dare ne." Nan take ya danna wasu lambobi a wayarsa ya toshe asusun, ashe kowane banki na da lambar gaggawa ta toshe asusu, kuma galibi ko da wayar wani ana iya yi. Sannan ya juya katina ya nuna min lambar kiran banki da ke baya, wadda shekara da shekaru tana aljihuna ban taɓa dubawa ba. Mun fi minti talatin muna sauraren kiɗa, katin waya ya ƙare muka sake sawa. Da aka ɗauka, ƙanena ya raɗa min in ce damfara ce, a haɗa ni da sashen damfara, kada in tsaya dogon labari. Matar da ta ɗauka ta karɓi lokacin kowane tiransfa da adadinsa, ta ce za su aika wa bankunan da kuɗin suka shiga su dakatar da asusun, ta ba ni lambar ƙorafi. Na rubuta ta a littafin awon kaya. Wajen sha ɗaya da rabi na safiyar Asabar ke nan, kimanin awa 17 bayan an kwashe kuɗin. Daga baya na ji cewa tun 2015 Babban Banki ya wajabta wa bankuna su samar da teburin damfara mai aiki dare da rana, har Asabar da Lahadi.

Ranar Lahadi na tara 'yan adashi na faɗa musu. Wanda kwasa ke kansa dattijo ne da ya koya wa rabin layin ɗinki, ya riga ya yi cinikin keken surfani yana so ya kama aikin Sallah da shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To, ka je ka bi sawu, mu ga abin da Allah zai yi." Wani kuwa ya tambaya a gaban kowa ko zan iya nuna musu alat ɗin. Na nuna. Ban ji haushinsa ba, da ni ne ma zan tambaya.

Litinin 26 ga wata tun bakwai da rabi ina ƙofar banki, amma na tarar da layi, domin duk masu tsoron wa'adin 1 ga Maris sun yi dafifi. Sai sha ɗaya saura na isa teburin kula da kwastoma. Matashin da ke wurin ya saurare ni, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma da bakinka ka ba su lambar OTP. Banki ba zai biya ka daga aljihunsa ba, sai dai mu taimaka a riƙe abin da ya rage a can." Maganar ta yi min ɗaci, amma gara da ya faɗa tun wuri. Ya ba ni fom na cike, ya ce in rubuta wasiƙa zuwa ga manaja da hannuna in bayyana yadda abin ya faru. Ya buga min takardar shige da ficen kuɗi, shafi uku, naira 20 kowane shafi. A nan na fara jin abin da suke kira Session ID, wata doguwar lamba mai ɗauke da alƙaluma 30 da kowane tiransfa tsakanin banki da banki ke da ita. Ita ce sawun kuɗin. Duk ofishin da na shiga bayan nan, ita ake fara tambaya, ba labarina ba. Da ita aka ga 280,000 sun tafi wani asusu na irin bankunan nan na waya da ba su da reshe, 200,000 kuma sun shiga wani babban banki. Na biya 1,075 aka ba ni sabon kati, na sauya duk lambobin sirri. Zan tashi, wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ce kada in bar wasiƙar hakanan, in yi fotokwafi a buga min hatimi da kwanan wata a nawa kwafin. Na fita na yi, na dawo na sake jira. Wannan kwafin mai hatimi ya yi min rana fiye da duk takardun da na tara. Matashin ya ce in kawo rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu.

Talata na tafi caji ofis ɗin yankinmu. A kanta aka rubuta ƙorafina a babban littafi, aka haɗa ni da ɗan sandan da zai yi bincike. Na rubuta bayani shafi biyu, ya karɓi kwafin takardar banki da hotunan saƙonnin. Allah ya taimake ni ban goge komai ba, ko da yake a daren Juma'ar don takaici saura kaɗan in share saƙon da lambar mutumin. Sai ya ce akwai kuɗin buɗe fayil. Na ce, "Yallaɓai, ni da aka yi wa sata?" Ya yi murmushi ya ce takarda da biro ba daga sama suke faɗowa ba. A ƙa'ida kai ƙara wurin 'yan sanda kyauta ne, har a bangon ofishin an rubuta, amma na ba da 5,000 ba rasit, don ba ni da ƙarfin jayayya a ranar. Ba ina cewa kowa ya yi haka ba ne, abin da na yi nake faɗa. Ya ce rahoton sai DPO ya sa hannu, in dawo gobe. Laraba da safe na wuce babbar kotu. Tun daga bakin ƙofa samari ke tare mutum suna tambayar ko afidabit, wato takardar rantsuwar, yake so, kowa da farashinsa. Na wuce su na tambayi ofishin rajista. Aka buga min takardar a wani shagon kwamfuta na gefe, na liƙa hoton fasfo, na biya aka ba ni rasit, na rantse a gaban kwamishinan rantsuwa ya buga hatimi. Duka da bugu da hoto 2,500 suka ci, cikin awa biyu na gama. Mai bugun ya yi kuskure a alƙalami ɗaya na lambar asusu, ban lura ba sai da na je banki ranar Alhamis, dole na koma aka sake. Duk wanda zai yi, ya karanta kowace lamba da yatsa kafin ya rantse.

A makon ne na rubuta abin da ya same ni a Facebook don gargaɗi. Kafin dare mutum uku sun turo min saƙo ta bayan fage. Ɗaya ya ce shi ƙwararre ne kan kwamfuta, zai iya shiga asusun ɓarawon ya dawo min da kuɗina cikin awa shida, in turo 25,000 na sayen manhaja. Har da hotunan alat na mutanen da wai ya taimaka. Wallahi sai da na buɗe wayar zan tura, ƙanena ya kama hannuna ya ce, "Yaya, waɗannan ai su ne dai, sun sauya riga." Ba wanda ke iya ciro kuɗi daga asusun wani ya mayar maka sai bankin da ke riƙe da asusun. Mai cewa zai iya, ragowar yake nema.

Litinin 4 ga Maris na kai takardar koke ofishin hukumar EFCC na Kano da ke kan titin Hajj Camp. Ana rubuta ta ne zuwa ga shugaban hukumar, a bayyana abin da ya faru, a haɗa da kwafin duk hujjoji da lambar waya. Ko sisi ba a karɓa a hannuna ba, aka buga min hatimi a kwafina. Daga nan sai jira. Kullum in na leƙa banki sai a ce ba amsa tukuna daga ɗaya ɓangaren. Ranar 11 ga Maris aka tashi da azumi, ranar ce kuma wasiƙata ta cika mako biyu cif. Ƙa'idar Babban Banki ita ce ka fara kai kuka bankinka, in mako biyu suka wuce ba a warware ba, ka ɗaukaka zuwa sashensu na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Wani yaron layinmu ɗan jami'a ya taya ni muka aika imel washegari, muka sa lambar ƙorafin nan ta littafin awo, da hoton wasiƙa mai hatimi, da Session ID ukun. Ba zan rantse cewa imel ɗin ne ya motsa su ba, amma ranar Juma'ar makon aka kira ni daga banki. Asusun wayar nan da 280,000 suka shiga wayam yake. A ɗaya bankin kuwa an riƙe 137,000. Na ce alhamdu lillahi, a turo min. Sai aka ce ba haka ake yi ba. Banki na iya hana kuɗi fita daga asusu, amma ba ya iya ɗiba ya ba wani sai mai asusun ya amince a rubuce ko kotu ta ba da oda. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Wani kwastomana lauya ne, shekara da shekaru ni ke ɗinka masa kaftani. Na je ofishinsa da fayil ɗina, ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya ya ce rabin aikin na riga na yi. Ya ce 30,000 zai karɓa don sanayya, ban da kuɗin shigar da ƙara da na kai takarda, waɗanda suka kama 7,500. Na ce, "Barista, kada fa garin neman gira a rasa ido." Ya ɗauki biro muka yi lissafi tare, muka ga akwai saura. Ya ce da abin da aka riƙe 40,000 ne, da shi da kansa zai ce in haƙura. Shi ne ma ya gaya min cewa 419 ɗin da muke kiran 'yan damfara da shi sashe ne na dokar laifuka ta Kudu, mu a Arewa Penal Code ke aiki, sannan akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ta shafi ƙasa baki ɗaya. Ya shigar da buƙatar a kotun majistare ranar 18 ga Maris, aka sa 21 ga wata. Na rufe shago na je, muka zauna a benci tun tara har sha biyu, ga azumi ga zafin Maris, sai magatakarda ya fito ya ce mai shari'a ba zai zauna ba. Duk telan da ya san darajar wuni guda a goman tsakiyar azumi ya san abin da na yi asara. Ranar 26 aka zauna. Ko minti goma ba a yi ba, Barista ya yi magana, mai shari'a ya duba takardu ya amince. Washegari muka karɓi kwafin odar mai hatimin kotu, aka kai wa sashen shari'a na bankin da ke riƙe da kuɗin, ni kuma na kai kwafi nawa bankin. Sai hutun Ista ya gitta, Juma'a 29 ga Maris da Litinin 1 ga Afrilu.

A cikin kwanakin jiran ne ɗan sandan nan ya kira ni ya nuna min amsar da kamfanin asusun wayar ya aiko musu. Na so a ce ban gani ba. Kuɗina 280,000 sun zauna a asusun tun kafin magariba har ƙarfe goma da 'yan mintuna na dare, sannan aka fara cire su kashi-kashi a wurin masu POS. Kusan awa huɗu suna ajiye, ni kuma ina kwance ina fama da ciwon kan ƙarya, ina kiran ɓarawo ina roƙonsa. Da a cikin awa ta farko na juya katina na kira, wataƙila da yanzu wani labarin nake bayarwa. Mai ɗaya asusun kuwa, in ji shi, wani yaro ne a wata jiha mai nisa, kuma ga alama irin waɗanda ake ba 'yan kuɗi su ba da aron asusunsu ne. Ya ce in ina so a kamo shi sai in ɗauki nauyin tafiyar mutum biyu, mota da masauki da abinci. Na ce a bar shi. Ko an kamo shi, kuɗin ba sa hannunsa.

Da wani zai zo min yau a firgice ya ce an kwashe masa kuɗi, ba zan bari ya gama ba ni labari ba, sai mun toshe asusun mun kira banki tukuna, ko ƙarfe nawa ne, ko ranar Sallah ce. Caji ofis da kotu ba sa gudu, kuɗin ne ke gudu. Ni na ɗauka matakin farko shi ne 'yan sanda, mutane da yawa ma haka suke ɗauka, alhali su takarda za su ba ka, banki ne kaɗai ke iya sa wa kuɗin birki. Zan ce masa ya faɗa wa wani na kusa da shi nan take, domin wanda aka damfara ba ya cikin hayyacinsa, yana buƙatar mai kama masa hannu kamar yadda ƙanena ya kama nawa har sau biyu. Kada ya goge saƙo ko lamba, ya ɗauki hoton komai. Duk takardar da zai miƙa a kowane ofis ya riƙe kwafi mai hatimi, duk wanda ya yi magana da shi a waya ya nemi lambar ƙorafi, don "mun ji, za mu duba" ba ta zama hujja. In wayarsa ce aka sace ko layinsa ya ɗauke haka kawai, ya haɗa da zuwa ofishin kamfanin layin, domin wanda ya mallaki layinka shi ke karɓar lambobin bankinka. Kuma kafin ya ɗauki lauya ya tambayi banki nawa aka riƙe, ya yi lissafi da biro. Ni dai yanzu lambar toshe asusu na rubuta ta da alli a bangon shago, saman teburin yanka, kuma kuɗin adashi sun koma wani asusu daban da ba shi da kati, ba ya kan waya.

Ranar Alhamis 4 ga Afrilu, azumi na 25, ina kan keke wajen ƙarfe uku na rana, alat ya shigo: 137,000. Da na zauna na tara abin da na kashe, tun daga kati da rantsuwa da lauya har kuɗin adaidaita sahu da fotokwafi, ya haura 52,000, ban da ranakun da shago ya kwana a rufe. Da dare bayan tarawihi na kai wa dattijon nan 137,000 ɗin cif, na ɗora 63,000 daga kuɗin ɗinkin Sallah suka cika 200,000. Sauran 280,000 muka yi yarjejeniya a gaban mutum biyu zan riƙa biya 35,000 duk wata. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya sa a aljihun gaba, ya ce keken surfanin an riga an sayar wa wani, amma mai shi ya ce bayan Sallah wani zai iso daga Legas. Ya ce in zo mu je tare, ni zan duba masa rasit.